Koren Katin Amurka Da Shawarar Leƙawa Duk Wata Shida: Martani

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, inda yake ba mutanenmu masu izinin zaman dindindin a Amurka shawarar su tattara ya-nasu-ya-nasu su dawo gida. A ganinsa, wanda koren kati ya shiga hannunsa ya gama wahala. Ya koma Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya kafa kasuwancinsa, ya zauna kusa da iyayensa, 'ya'yansa su tashi a cikin dangi. Abu ɗaya kawai zai kiyaye, in ji Malam: kada ya bari ya cika wata shida bai taka Amurka ba. Ya yanki tikiti, ya sauka New York, ya yi mako ɗaya ko biyu a ɗakin wani aboki, ya juyo abinsa. Ya kuma kafa hujja da cewa ya san mutane da dama da suka daɗe suna yin haka, kuma ko ƙwarzane ba su samu ba.

Ban musa masa dalilan da suka sa shi yin rubutun ba. Wanda ya ga direban tasi a unguwar Bronx yana kwana a kan titi, ko ya ga 'yan Nijar da ke Greensboro suna fita aikin masana'anta tun duhun asuba, ya san kewar gida ba ƙaramin ciwo ba ne. Mutum yana ji ta waya an ce kawu ya rasu, an ce ƙanwa ta haihu, an ce ƙafar Hajiya ta matsa mata, shi kuwa sai dai ya tura kuɗi ya yi addu'a. Duk wanda ya zo masa da hanyar da zai riƙe kati ya kuma zauna a gida, dole ya saurare shi da kunne biyu. Wannan ne ya sa na ga bai kamata a bar shawarar ta wuce ba. Tana da daɗin ji, mutane za su bi ta, kuma dokar da aka ce an gina ta a kai ba haka take ba.

Gaskiya ne dokar shige da fice ta Amurka ta ambaci kwana 180. Abin da ta ce shi ne, mai katin da ya wuce kwana 180 a jere a waje, idan ya dawo za a ɗauke shi a matsayin mai neman izinin shiga, a auna shi da ma'aunin da ake auna sabon baƙo: lafiyarsa, ko yana da wani laifi a baya, ko zai zama nauyi a kan gwamnati, har da batun auren mace fiye da ɗaya, wanda dokarsu ta sa cikin abubuwan da ke hana shiga. Akwai kuma iyaka ta biyu, wato shekara ɗaya. Wanda ya kai shekara a waje, katin shi kaɗai ba zai shigar da shi ba. Malam ya hangi waɗannan iyakoki biyu, sai ya yanke cewa duk wanda bai ƙetare su ba ya tsira. Babu inda doka ta faɗi haka. Akwai tambayar da ke bin mai kati ko da wata biyu ya yi a waje: shin tafiyar nan ta ɗan lokaci ce, mai dalili da ranar ƙarewa, ko kuwa can ne gidansa yanzu, Amurka ce yake kai wa ziyara?

Ba yau aka fara gwada dabarar Malam ba, kuma ba yau aka yanke mata hukunci ba. A shekarar 1975 hukumar ɗaukaka ƙara kan shari'o'in shige da fice ta Amurka ta duba ƙarar wata mata 'yar Jamaika mai suna Kane. Tana da izinin zaman dindindin, amma wata goma sha ɗaya take yi a Jamaika kowace shekara, ta zo Amurka ta yi kamar wata guda don katinta ya ci gaba da rai, ta koma. Hukumar ta ce ta riga ta yi watsi da zamanta, domin zuwan da take yi ziyara ce. A 1997 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai mazauni a San Francisco ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Singh, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa a Amurka ba, matarsa da 'yarsa suna waje, shi kuma ba shi da tsayayyen gida ko tsayayyen aiki a ƙasar. Ya ce niyyarsa wata rana ya zauna. Kotu ta nuna masa cewa niyyar wata rana ba ta riƙe wa mutum matsayinsa. Shekara hamsin ke nan da hukuncin farko, kuma har yau lauyoyi da alƙalai da shi suke kafa hujja. Ya kamata mai ba jama'a shawara kan wannan batu ya san da shi kafin ya ɗauki alƙalami.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya bi wannan hanya tun kafin Malam ya rubuta ta. Wansa ne ya nema masa katin, ya yi 'yan shekaru a can, sannan ya dawo ya buɗe shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, Allah kuma ya sa wa abin albarka. Duk wata biyar sai ya tafi ya leƙa. Shekaru ana buga masa hatimi ana ce masa barka da zuwa. Ranar da abin ya juya, jami'in bai ce masa komai ba a kan layi, fasfonsa kawai ya sa a cikin wata jaka ya ce ya biyo shi. Aka kai shi wani ɗaki mai kujeru a jere, ba a yarda a taɓa waya ba, ya zauna har ƙafarsa ta yi sanyi. Da aka kira shi, tambayoyin ba su da wuya ko kaɗan. Ina kake aiki? Ina matarka take? A wace makaranta yaranka suke karatu? Yaushe rabonka da cike takardar haraji? Da aka tambaye shi lambar gidan da ya ce nan yake zaune, sai da ya zaro takarda daga aljihu ya duba. Jami'in ya juyo masa da tikitinsa, ya nuna masa da ɗan yatsa: tafiyar daga Najeriya ta fara, a Najeriya kuma za ta ƙare bayan kwana goma. Mazaunin Amurka tikitinsa daga Amurka yake farawa. Ranar an bar shi ya shiga, amma an rubuta gargaɗi a cikin fasfonsa. A zuwa na gaba takardar sammaci zuwa gaban alƙalin shige da fice aka miƙa masa.

Ga masu cewa ai wane da wane suna yi ba a kama su ba, ban ƙaryata su ba. Jami'i yana da ikon ya ƙyale, kuma sau da yawa yana ƙyalewa. Sai dai kamfanonin jiragen sama suna aika wa gwamnatin Amurka sunayen fasinjoji na shiga da na fita, duk yana ajiye a kwamfuta, kuma kowace leƙawa ƙara tsawon lissafin take yi. Wanda aka ƙyale sau tara, tafiye-tafiyen nan tara su ne shaidar da za a karanto masa a karo na goma. Kuma waɗanda abin ya rutsa da su ba su cika ba da labari ba. Kunya ce take sa su ce sun gaji da Amurka ne kawai. Shi ya sa Malam yake jin labarin masu tsira ba ya jin na sauran.

Abin da ya fi damuna a maƙalar shi ne inda ya ce mutum ya ari adireshin aboki, ya bar 'yan daloli a banki, ya sabunta lasisin tuƙi, don ya sami abin nunawa. A taƙaice ya shirya abin da zai sa jami'i ya gaskata cewa yana zaune a inda ba ya zaune. Wannan ƙarya ce, ko da an yi mata ado da takardu, kuma bai dace da mu ba tun kafin a zo ga maganar doka. Ta fuskar doka kuma, wanda aka kama ya yi wa jami'in shige da fice ƙarya a kan abin da ke da tasiri, yana iya jawo wa kansa haramcin shiga ƙasar na har abada. Wanda ya rasa kati saboda daɗewa a waje yana iya neman bizar ziyara, ko ɗansa ya sake nema masa katin, muddin ba a hana 'yan ƙasarsa shiga ba. Wanda aka rubuta wa yaudara a fayil ɗinsa ya rufe wa kansa ƙofofin duka. Abokin da ya ba da aron adireshi shi ma an saka shi cikin abin da bai ji ba bai gani ba.

Maganar haraji kuwa ko sau ɗaya Malam bai ambata ba. Mai koren kati wajibi ne ya bayyana wa hukumar harajin Amurka abin da ya samu a ko'ina a duniya, har ribar shagonsa na Kano. In kuɗin da ke asusunsa na bankunan waje suka haura dala 10,000 a haɗe, dole ya sanar. In kuma ya cike takardar haraji a matsayin wanda ba mazauni ba don ya sami sauƙi, to ya rubuta da hannunsa cewa ya bar ƙasar, kuma za a yi amfani da wannan a kansa.

Ina kyautata zaton ƙa'idar Kanada ce ta shige wa Malam cikin lissafi, domin ita ce take ƙirga kwanaki. A can, sashe na 28 na dokarsu ta shige da fice ya ce mai zaman dindindin ya kasance a cikin ƙasar kwana 730 a kowace shekara biyar, kuma ba sai a jere ba. Har ma ana ƙirga wa mutum kwanakin da ya yi a waje in yana tare da mijinta ko matarsa mai ɗan ƙasancin Kanada, ko kuma wani kamfanin Kanada ne ya tura shi aiki na cikakken lokaci. To ko a can ɗin, mako biyu sau biyu a shekara ba zai kai mutum ko kusa da 730 ba. A Birtaniya, izinin zama marar wa'adi yana faɗuwa in mutum ya yi shekara biyu a jere a waje. A Jamus wata shida ne, sai in an nemi ƙarin lokaci tun kafin a fita. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma ba a ɗauko na wannan a ɗora wa waccan.

Sai kuma abin da ba ya hannun kowa. Shirin leƙawa ya dogara ne a kan cewa kullum jirgi zai tashi kuma ƙofa za ta kasance a buɗe. A watan Maris na 2020 Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje saboda annobar korona, ba a sake buɗewa ba sai farkon Satumba. Wanda ya riga ya yi wata biyar a gida yana shirin tafiya a Afrilu, sai ga shi yana neman cika shekara. A watan Janairun wannan shekara ta 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura, sai a Janairun 2021 aka ɗage. A watan Yunin 2025 aka sake fitar da jerin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga, har da Chadi da Sudan. A waɗannan hane-hanen Amurka biyu an keɓe masu koren kati, ba su shiga cikin hanin ba. Wato wanda matsayinsa yake da rai ya wuce, wanda nasa ya mutu a hannunsa kuma ya koma layin masu neman sabuwar biza a daidai lokacin da aka rufe layin. Ɗan Najeriya ma ba shi da damar cewa zai sake gwada cacar biza, domin tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cikinta, ko da yake ƙasashe irin su Gana da Kamaru sun ci gaba da shiga. Abin da ya yi wuyar samu haka bai kamata a riƙe shi da sakaci ba.

Kada a ɗauka cewa nake mai kati ba shi da halin zuwa jinyar mahaifiyarsa. Yana da shi, kuma nan ne na so a ce Malam ya kashe tawadarsa. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba shari'ar wata 'yar Iraƙi mai suna Hana, wadda ta shafe mafi yawan shekaru huɗu da 'yan kai a Iraƙi bayan ta sami kati. Ta nuna cewa tsoron abin da gwamnatin Saddam za ta yi wa iyalinta ne ya riƙe ta, ga surukarta tana ciwon ajali, ga shi kuma tun farko ta shigar wa mijinta da 'ya'yanta takardun neman su biyo ta. Kotu ta ce ba ta yi watsi da zamanta ba. Ta fi maƙwabcinmu daɗewa a waje, amma ta tsira, domin dalilinta a fili yake kuma duk abin da ta yi yana nuna inda ta dosa.

Hanyar da doka ta tanada ita ce takardar izinin sake shiga, wadda ake nema da fom mai lamba I-131. Sharaɗinta a nema mutum yana cikin Amurka, a kuma ɗauki hoton yatsunsa a can. Tana yin shekara biyu, sai dai wanda ya yi fiye da shekara huɗu a waje cikin biyar da suka wuce, shekara ɗaya ake ba shi. Ba ta hana a yi wa mutum tambaya, amma tana nuna cewa ya sanar tun farko, kuma tsawon tafiyar shi kaɗai ba zai zama hujja a kansa ba. Wanda kuma ya wuce shekara babu ita, saura masa bizar mazaunin da ke komawa, wadda ake kira SB-1, a ofishin jakadanci. Ita kuma sai ya tabbatar da cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi, kamar ciwo mai tsanani. Bunƙasar kasuwa ba ta cikin irin waɗannan dalilai.

Ga wani wuri da shawarar Malam za ta iya raba uwa da ɗanta. Matanmu da yawa suna son zuwa gida goyon ciki, su haihu a gaban iyayensu, a yi musu wankan jego yadda aka saba. Dokar Amurka ta yi tanadi mai kyau a nan: jaririn da mai koren kati ta haifa yayin tafiya ta ɗan lokaci yana iya shiga a matsayin mazaunin dindindin ba tare da biza ba, muddin bai cika shekara biyu ba, kuma yana tare da mahaifiyar ko mahaifin a komawarsu ta farko bayan haihuwar. To a ce mai jego ta ga wata shida ya gabato, ta bar jariri wajen kakarsa ta ruga ta leƙa ta dawo, kamar yadda aka ba ta shawara. Ta kashe komawarta ta farko ke nan babu yaron. Daga nan sai shigar da takarda da jiran layi. Haka kuma, iyayen da aka yanke wa hukuncin sun yi watsi da zamansu, hukuncin yana shafar ƙananan 'ya'yan da ke hannunsu, yaran da ba a yi shawara da su ba.

Akwai kuma abin da ya wajaba duk mai kati ya sani, ko mai bin Malam ne ko ba shi ba. Jami'in filin jirgi ba shi da ikon ƙwace wa mutum matsayinsa. Alƙalin shige da fice ne kaɗai yake da wannan iko, kuma gwamnati ce za ta kawo hujja bayyananna. Abin da jami'i yake iya yi shi ne ya miƙo fom mai lamba I-407, wanda sa hannu a kansa yake nufin mutum ya ajiye katin da kansa. Ba dole ba ne a sa hannu. Mutum ya kwana a jirgi, ga gajiya, ga tsoro, ga Turancin da ba lallai ya gama fahimta ba, sai ya sa hannu don a sake shi. Yana da damar ya ce cikin ladabi yana son ganin alƙali.

Amsar da ta dace da buƙatar da Malam ya hango ita ce zama ɗan ƙasa. Shekara biyar ne na zama, a cikinsu mutum ya kasance a ƙasar aƙalla wata 30. Mai auren ɗan ƙasa kuwa shekara uku ne da wata 18. Fitar da ta wuce wata shida tana sa a zaci zaman ya yanke sai mutum ya kawo hujja, wadda ta kai shekara kuma tana yanke shi, ko da akwai takardar izinin sake shiga. Bayan rantsuwa, mutum ya koma Zinder ya shekara ashirin, babu mai tambayarsa, kuma 'ya'yansa masu kati da ba su kai 18 ba, waɗanda ke zaune tare da shi a Amurka, suna zama 'yan ƙasa ta dalilinsa. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana haifaffen ɗan Najeriya riƙe fasfo biyu ba, Gana ma ta yarda, amma ɗan Kamaru ya yi tunani sosai domin dokar ƙasarsa ba ta amince da haka ba. Mai leƙawa kuwa ba zai taɓa tara wata 30 ɗin nan ba. Zai yi ta zuba kuɗin tikiti da dala sau biyu a shekara, ga yadda naira ta faɗi tun 2023, yana tsufa yana shiga layi gabansa na faɗuwa. Taura biyu ce ake so ya tauna, kuma ba ta taunuwa.

Wanda ya auna ya ga ba zai iya shekara biyar ɗin ba, saboda iyaye ko saboda abin da ya kafa a gida ya fi masa, babu abin kunya in ya mayar da katin da kansa ta wannan fom na I-407, a natse, bayan ya yi shawara da masani kan abin da ya shafi haraji. Daga baya, in ba a hana 'yan ƙasarsa shiga ba, yana iya neman bizar ziyara, kuma shagonsa da iyalinsa da suke zame masa laifi a da, yanzu su ne hujjarsa ta cewa zai dawo.

Waɗanda suka riga suka yi shekaru a kan wannan hanya su ne na fi jin tsoro a kansu, domin wasunsu tikitin leƙawa ta gaba yana hannunsu. Kafin su hau jirgi, su nemi lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka, ba ɗan kamasho mai cike fom ba. Su zauna su rubuta ranar kowace fita da kowace shiga kamar yadda take a fasfo, su tattara takardun haraji in akwai, da takardun asibiti in jinya ce ta riƙe su, su faɗa masa gaskiyar inda iyalinsu suke. Ina kuma roƙon Malam, tunda mutane suna jin maganarsa, ya sake ɗaukar alƙalami ya gaya musu cewa kwana 180 ba katanga ba ce da za su fake a bayanta.